RANAR DA NA ZAMA ƊAN HANYA ALHALI KUƊINA NA CIKIN WAYA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa daga cikin matasa masu hidimar rarraba jarida ya gabatar a zaman matasa na ƙarshen wata. Mun kawo maku shi kamar yadda ya gabatar saboda amfanin 'yan uwa masu yawan tafiye-tafiye. A sha karatu lafiya.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa mana ƙasa ya sanya mana hanyoyi a cikinta. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, an umurce ni ne da in ɗan ce wani abu a kan matashi da wayar hannu a halin tafiya. Ni ba malami ba ne, kowa a nan ya san iyakar karatuna. Ina jin abin da ya sa aka zaɓe ni shi ne abin ya taɓa cina, kuma Hausawa sun ce jiki magayi. Saboda haka zan fara da ba ku labarin abin da ya same ni, sannan mu ga darussan da za mu ɗauka, insha Allahu.

YADDA ABIN YA FARU

Wata ranar Alhamis ce a farkon watan Fabrairun 2023, aka ba ni damin jarida in kai wa 'yan uwa a Gusau daga Zariya, domin a sayar washegari bayan sallar Juma'a. Kuna tune da wannan lokaci. A watan Oktoban 2022 ne Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashe tsofaffin kuɗi suka kai banki, sababbin kuma suka ƙi samuwa. Magidanci da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane.

To ni a lokacin ban damu ba, don ina ganin ni ɗan zamani ne. Ina da naira dubu arba'in da biyu a asusu, ga waya, ga katin banki, ga kuma sabon fawa banki da na saya da araha, an rubuta 30,000 ɓaro-ɓaro a jikinsa. A aljihuna kuwa naira ɗari uku ce kacal. Na tura wa ɗan kamasho kuɗin mota ta waya, na shiga na zauna ina jin kaina. Ba mu bar tasha ba sai wajen la'asar saboda direba ya daɗe a layin mai.

A gefena akwai wani dattijo da farin gemu, da 'yar buta da ƙunshin goro. Ya yi mani sallama na amsa da ƙyar, na toshe kunnuwana da iyafis na shiga kallace-kallace. Kafin mu wuce Giwa caji ya yi ƙasa, na jona fawa banki. Kafin mu shiga Funtuwa fawa bankin ya mutu. Muna fita Funtuwa ita ma wayar ta bi shi. Daga baya da na kai shi wajen mai gyara ya buɗe, sai ga ɗan batir guda ɗaya tal, sauran wurin yashi ne aka ɗura a leda don ya yi nauyi. Lallai araha ba ta ado.

Mun yi nisa tsakanin Funtuwa da Tsafe sai fanbel ya tsinke, mota ta tsaya, rana kuma tana shirin faɗuwa. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba wurin da mutum zai so dare ya riske shi ba ne. Muna tsaye cirko-cirko sai wani saurayi ya kunna wani saƙon murya da aka turo masa tun muna Funtuwa, wai 'yan bindiga sun tare hanya a gaba. Nan take mata suka fara salati, wasu suka ce a shiga daji. Sai dattijon nan ya ɗaga hannu ya ce: “Samari, wa ya yi maganar nan? Yaushe ya yi ta? A daidai wane gari?” Babu wanda ya iya amsa ko ɗaya. Ya fita bakin titi ya tsai da wata mota da ta fito daga Gusau, ya tambayi direban, direba ya ce hanya lafiya lau, yanzu ya biyo ta. Da a ce mun afka daji da magariba a kan wannan murya, Allah kaɗai ya san abin da za mu tarar.

Lokacin sallah ya yi, masu sauran caji suka ciro waya neman alƙibla. Wannan ta nuna nan, waccan ta nuna can, har aka fara musu. Dattijo bai ce da kowa komai ba, ya ba mafaɗar rana baya, ya ɗan karkata hagu, ya ta da iƙama. Da ruwan butarsa mutum huɗu muka yi alwala.

Bayan sallah wata bas ta tsaya, yaron mota ya ce naira dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa Gusau, kuma kuɗi hannu, don wurin ko sabis babu. Na laluba aljihu, ɗari uku. Wani bawan Allah ya ce in muka kai inda ake samun sabis zai ara mani waya in kira wanda zai tarbe ni ya biya, ya ce in faɗi lambar. 'Yan uwa, wallahi a nan gumi ya keto mani. Ban haddace lambar ɗan uwan da zan kai wa jarida ba. Ban haddace ta yayana ba. Ta mahaifiyata ma da na fara, sai na kakare a tsakiya. Lamba ɗaya ce tak a kaina, ita ce tawa, wadda ke cikin matacciyar waya a aljihuna.

Sai dattijon ya zaro wata tsohuwar lalita daga ƙugunsa, ya ƙirgo 'yan ɗari-ɗari da 'yan hamsin-hamsin, waɗanda canjin kuɗi bai shafa ba, ya biya mani. Na ce: “Baba, ai ina da kuɗi, ba ni lambar asusunka, da na yi caji zan turo maka.” Ya yi dariya ya ce: “Ɗana, ni ina na ga asusu? Kuma ai kai yau ɗan hanya ne. Ba a karantar da ku ba a makaranta? Ko mutum attajiri ne a garinsu, in guzuri ya yanke masa a hanya ya halatta a ba shi.” A Tsafe ya sauka. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba har yau. Allah ya saka masa da Aljanna.

Na sha karanta wannan mas'ala a Islamiyya, cewa ɗan hanya yana cikin mutum takwas da Allah ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba waɗanda ake ba zakka. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne zan zama shi ba, da dubu arba'in da biyu a asusu. Mutumin da na ƙi sakar wa fuska saboda iyafis, shi Allah ya sa ya fitar da ni kunya.

BA CEWA MUKA YI WAYA HARAMUN CE BA

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce a jefar da waya. A'a. Yayyenmu da ke zaune a nan sun san yadda ake kafin zuwanta. Sai a watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan, kuma a lokacin layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Kafin nan in za ka sanar da rasuwa, sai ka je tasha ka ba direba wasiƙa, ko ka bi layi a ofishin NITEL, ko ka kai sanarwa gidan rediyo. Yau ɗan uwa yana Legas ko Yamai yana sauraren karatu kai tsaye. Wannan ni'ima ce, kuma muna gode wa Allah a kanta.

Musulunci ma bai hana mu amfani da ƙwarewar wani ba. Lokacin hijira daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya ɗauki ɗan jagora masanin hanyoyin sahara, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, alhali a lokacin mutumin bai musulunta ba. Amma ku lura da sauran shirin. An tanadi raƙuma tun da wuri, an tanadi guzuri, an yi kwana uku a kogon Sauru, sannan aka bi ta hanyar gaɓar teku wadda ba ita aka saba bi ba. Wannan shi ne shugaban masu tawakkali, amma bai bar ko ɗaya daga cikin sabubba ba. Mu kuwa mun tattara kuɗi da hanya da alƙibla da lokacin sallah da lambobin dangi mun zuba a cikin abu guda wanda rayuwarsa ba ta wuce yini ɗaya in babu caji. Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne.

IGIYAR TANA HANNUN WA?

Abu na biyu da nake so mu gane shi ne, wayar tana hannunka amma igiyarta tana hannun wasu. Zan ba da misali uku.

Na farko, a farkon watan Satumban 2021 hukuma ta sa aka rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya da sunan yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Makonni aka kwashe mutane na yin tafiya mai nisa kafin su iya kiran 'yan uwansu. Wayar dubu ɗari ta koma tocila.

Na biyu, ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da Kwaddebuwa da wasu ƙasashe, harkokin banki suka cije. Abu ya faru a ƙasan teku, amma mai shayi a Funtuwa ya kasa ganin alat.

Na uku, wanda ya fi shafar mu. A watan Nuwamban 2020 wata kafar labarai ta Amurka mai suna Motherboard ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda Musulmi kusan miliyan 100 suka sauke domin lokutan sallah da alƙibla, tana miƙa bayanan wuraren da masu amfani da ita suke ga wani kamfanin dillancin bayanai, shi kuma kamfanin yana sayarwa ga 'yan kwangilar da ke hulɗa da rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, sannan suka ce sun yanke hulɗa da irin waɗannan kamfanoni. Ko ma dai yaya ne, darasin ya fito. Duk manhajar da aka ba ka kyauta, ka tambayi kanka da me masu ita suke cin abinci. Ka duba a wayarka manhajoji nawa ka ba izinin sanin inda kake dare da rana, ka rufe wa waɗanda ba su da buƙata.

ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA YI

To 'yan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga wasu abubuwa da na koya bayan na sha wuya.

Na ɗaya, lambobi. Kowa ya haddace aƙalla lamba uku: ta gida, ta wanda zai je wurinsa, da ta wani ɗan uwa da zai iya tashi tsaye a kansa. Sauran ka rubuta a 'yar takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba. Mu da muke haddar surori, lamba goma sha ɗaya ba za ta gagare mu ba.

Na biyu, kuɗi. Kada ka hau mota ba ka da tsabar kuɗin da za su kai ka gari na gaba su kuma ciyar da kai sau ɗaya. Ka raba su wuri biyu. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, wahalar ta lafa, amma rashin sabis a ƙauyukan kan hanya bai tafi ko'ina ba.

Na uku, caji. Lambar da ake rubutawa a jikin fawa banki ba duka take shiga waya ba, ko da na gaskiya ne. Batirin ciki yana aiki ne da ƙarfin wuta 3.7, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya fita, a nan wani kaso yake tafiya a zafi. Abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Ma'ana mai 10,000 zai cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya ne da ɗan ɗori. Na gaskiya mai 30,000 nauyinsa ya kai rabin kilo, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Ka gwada shi a gida kafin ranar tafiya. Kada ka bar shi ko waya a gaban gilashin mota cikin rana, kuma batirin da ya kumbura ka rabu da shi, don yana iya kamawa da wuta. Wanda Allah ya nufa da Hajji ko Umara ya sani ba a sa fawa banki a jakar da ake aunawa, a ta hannu ake riƙe shi, kuma wanda ya wuce kimanin 27,000 sai da izinin kamfanin jirgi. In da hali ka riƙe ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ke kwanaki ba a yi mata caji ba. Sannan cajin da za ka buƙata da dare kada ka ƙone shi da rana a kallon shirme kamar yadda na yi.

Na huɗu, hanya da alƙibla. Waya tana gane inda kake ne ta hanyar taurarin ɗan Adam da ke shawagi sama da kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma wannan ba ya buƙatar data. Taswirar ce ke buƙatar data, saboda haka ka sauke ta yankin da za ka tun kana gida. Shi kuwa kamfas ɗin waya da maganaɗisu yake aiki, shi ya sa in kana kusa da mota ko ƙarfe ko lasifika sai ya rikice, abin da ya sa samarin nan musu ke nan. Daga wannan yanki namu alƙibla tana gabas ne maso arewa, kimanin digiri 68 daga arewa. Wato in ka fuskanci gabas sai ka ɗan karkata hagu, daidai yadda dattijo ya yi ba tare da ya san digiri ba. Haka nan waya za ta gaya maka kilomita nawa ka yi, amma hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a wajen malami ake koyonsa. Kowa ya je ya tambaya kafin tafiya ta kama shi.

Na biyar, labari. Allah ya umurce mu a aya ta 6 ta Suratul Hujurati da mu yi bincike in an zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Da yawanmu muna yara a watan Agustan 2014 lokacin cutar Ibola, aka tashe mu da asuba aka yi mana wanka da ruwan gishiri saboda wani saƙo da ya zagaya ta waya. Wasu har sha suka yi, aka kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton rasa rayuka. Su kansu masu WhatsApp sai da suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a 2019 saboda ɓarnar jita-jita. Tambayoyi ukun dattijo sun ishe mu ma'auni: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In babu amsa, saƙon ya mutu a hannunka.

Na shida, sirri. Ba dole ba ne duniya ta san ka hau mota kaza za ka gari kaza da ƙarfe kaza. Ka gaya wa na gida da wanda zai tarbe ka, hoto kuma ya jira sai ka sauka. Ka sa wa layinka lambar sirri, ba wayar kaɗai ba, domin ɓarawon waya yanzu layin yake nema ya shiga asusunka da shi. In ta ɓata, abu na farko ka sa a rufe layin da asusun.

Na bakwai, kuma shi ne ya fi ci mani rai, haƙƙin abokin tafiya. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i Allah ya haɗa abokin da ke gefenka da ɗan hanya cikin waɗanda ya yi umurni a kyautata masu. Yau sai ka ga mota cike da Musulmi, awa huɗu babu mai ce wa wani sannu, kowa ya sunkuya. Mu da muke cewa muna kira zuwa ga addini, wa za mu kira in kunnenmu a toshe yake? Ina ɗauke da jarida ɗari biyu a bayan mota, amma ban iya yi wa maƙwabcina kyakkyawar gaisuwa ba. Shi da bai ɗauko jarida ko ɗaya ba, shi ya karantar da mota guda tabbatar da labari da alƙibla da haƙƙin ɗan hanya a cikin awa ɗaya.

KAMMALAWA

A ƙarshe 'yan uwa, ina roƙon kowa ya yi wani ɗan gwaji a wannan mako. Ka kashe wayarka daga azahar zuwa isha'i, ka ga me ya rage a kanka. Za ka iya gane shigar la'asar da inuwa? Za ka iya karanta azkar ɗin yamma ba tare da ka duba ba? Za ka iya kiran mahaifiyarka da wayar wani? Abin da ka samu ya rage, shi ne naka. Abin da ya tafi da wayar, aro ne. Kuma mu tuna akwai tafiyar da ke gaban kowannenmu wadda ba a shiga da waya, sai abin da mutum ya haddace a zuciya ya kuma aikata da gaɓɓai.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafarar Allah, ina kuma roƙon malamai da ke wurin su gyara mani. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kuɓutar da bayinsa da ke hannun 'yan bindiga, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya. Wanda ya tuna kuma ya sa dattijon nan a addu'a.